Kalandar da ta jawo mini tafiya Japan

Shekara ashirin da uku ke nan ina cin abinci daga Japan, amma ban taɓa taka ƙasar ba. Sana'ata sayar da tsofaffin injinan mota da giyabos a Suame Magazin, nan Kumasi. Kayan a Sharja nake sayo su, kusa da Dubai, inda ake jibge abin da aka kwance daga motocin Japan. Su sauka a tashar Tema, tirela ta hauro da su. Da injin Toyota da Nissan na gina gida, na aurar da 'ya'ya biyu, na kai kaina da uwargida Makka. Idan ka ce mini Japan, abin da ke faɗo mini a rai shi ne warin baƙin mai.

A 2009 wani dillalin da nake saye a wurinsa ya sako mini kalanda cikin kaya, irin wadda kamfanoni ke rabawa a ƙarshen shekara. Na kai gida don yara su naɗe littattafai da ita. Hajiya ta buɗe shafin watan Afrilu ta tsaya. Hoton wani kogi ne, itatuwa sun yi masa rumfa ta kowane gefe, babu ganye ko ɗaya a jikinsu, sai fure fari mai ɗan ja-ja kamar an zuba auduga. Ta ce, "Alhaji, wannan gaske ne ko zane?" Na ce gaske ne mana. Ta ce, "Ashe akwai inda Allah ya yi haka." Ni kuma, irin maganar da namiji ke yi ya ci ya ƙoshi, na ce, "Wata rana zan kai ki ki gani da idonki."

Ta yanke shafin ta sa a gilashi ta rataye a ɗakinta. Mun tashi daga gidan haya a Aboabo mun koma namu, hoton ya biyo mu. Yanzu ya koɗe, ja-jan ya koma ruwan toka. Ba ta taɓa tuna mini alkawarin ba, ko sau ɗaya. Ni ma na bar shi a inda maza ke barin irin waɗannan alkawura.

Bara, bayan Babbar Sallah, na raka ta wurin likitan ido. Shekara goma sha ɗaya tana fama da ciwon suga, kuma ta jima tana cewa zaren allura yana gagararta. Likita ya duba ya ce sugan ya fara taɓa jijiyoyin bayan ido. Ya ce za a yi magani a rage gudun abin, amma kada mu sa rai abin da ya tafi zai dawo duka. A mota babu wanda ya ce uffan. Da daddare na shiga ɗakinta na same ta tsaye gaban hoton, ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ba ta ji shigowata ba. Na koma da baya na fita. "Da idonki" na ce mata, kuma idon ne yanzu ake lissafin kwanansa.

Washegari na kira autarmu, wadda ke karatu a jami'a, na ce ta zauna ta koya mini yadda ake binciken wannan abu a waya. Abin da na fara ganowa ya kashe mini jiki. Na ɗauka fure ne da ke nan wata biyu ko uku, kamar lokacin mangwaro, ka je duk ran da ka samu sarari. Ashe ba haka ba ne.

Sunansa sakura. Irin da ya fi yawa a Japan ana ce masa Somei Yoshino, kuma ba daga iri ake shuka shi ba, reshe ake yankowa a yi masa aure da wani gindi. Ke nan duk itatuwan tamkar itace ɗaya ne da aka rarraba, shi ya sa na gari guda suke buɗewa kusan tare, su kuma zube tare. Daga ranar da furen farko ya buɗe zuwa cikarsa kamar mako ɗaya ne. Bayan ya cika, ka samu wani makon idan Allah ya taimake ka. Ruwan sama mai ƙarfi ko iska ta kwana biyu na iya kakkaɓe shi. Mutum ya haɗa kuɗin tikiti wata huɗu kafin lokaci, ya ratsa rabin duniya, a kan abin da kyansa bai fi kwana goma ba.

Su mutanen can ba da wasa suke ɗaukar lamarin ba. Hukumar yanayi ta ƙasar tana da itace guda da ta ware a kowane babban gari don awo. Na Tokyo yana harabar wurin ibadarsu na Yasukuni. Jami'ai kan je su ƙirga, idan fure biyar ko shida sun buɗe sai a sanar a labarai cewa sakura ta fara. Idan kashi tamanin cikin ɗari suka buɗe, a ce ta cika. A lissafin shekaru talatin, Tokyo kan fara ne wajen 24 ga Maris ta cika wajen 31 ga wata. To amma dubi yadda take yi da mutane: a 2023 ta fara tun 14 ga Maris, a 2024 sai 29 ga Maris, ba ta cika ba sai 4 ga Afrilu. Mako biyu cur tsakanin shekara da shekara. Wanda ya yi lissafi da 2023 ya sayi tikitin 2024, sanduna ya je ya kalla. A 2025 kuma ta dawo kan 24 ga Maris kamar ba ita ba. A Kyoto, tsohuwar fadar sarakunansu, akwai rubutun ranakun cikar furen da ya koma baya fiye da shekara dubu ɗaya da ɗari biyu, kuma a 2021 ta cika ranar 26 ga Maris, da wuri ƙwarai, abin da masana ke dangantawa da ɗumamar yanayi.

Na ce wa autar, wannan ai kasuwar canji ce. Ka sayi dala yau ba ka san me sidi zai yi gobe ba. Ta yi dariya ta ce akwai wata dabara da mutanen Tokyo ke yi: daga 1 ga Fabrairu ana tara zafi mafi girma na kowace rana, idan jimillar ta kusa 600 to fure ya kusa. Ba ilimin tabbas ba ne, don itacen yana kuma buƙatar ya sha sanyin hunturu sosai kafin ya farka, amma yakan zo kusa. Na ware mata shafi a bayan littafin bashi na shago. Daga farkon wata mai kamawa kullum za ta turo mini lamba in rubuta.

Abu na biyu da na duba shi ne azumi. Bara watan Ramadan ya cinye Maris gaba ɗaya, Sallah ta faɗo daidai lokacin da furen Tokyo ya cika. Da bara ne da ba ta yiwu ba, don ba zan ɗauki mai ciwon suga in fita da ita gida a goman ƙarshe ba. Bana, 2026, ana sa ran fara azumi wajen 18 ko 19 ga Fabrairu, Sallah wajen 20 ga Maris. Ke nan za mu yi Sallah a gida, mu gaisa da dangi, mu samu mako guda na shiri. Da na ga haka na ce wannan ƙofa ce aka buɗe mini, idan na tsaya jiran shekara mai zuwa ban san da wane ido za ta je ba.

Da labari ya kai kunnen yayana, har shago ya zo. Ya zauna kan wani injin, ya ƙi karɓar ruwa. Ya ce, "Kai yanzu da furfurarka, kuɗin inji goma sha biyu za ka ɗauka ka tafi kallon fure? Ga bikin 'yarka bayan Babbar Sallah, ko kayan ɗaki ba ka gama haɗawa ba. In tafiya kake so, ga Umra nan." Na ce, "Yaya, duk abin da ka faɗa gaskiya ne." Don gaskiyar ce. Kuɗin ba daga sama za su faɗo ba. Kwantenar da na saba yi a Afrilu na rage ta da rabi, kuma na san ma'anar hakan: bakanike zai zo neman inji in ce babu, ya tsallaka shagon maƙwabci, wataƙila ba zai dawo ba. A kasuwarmu abokin ciniki ba ya jiran kowa.

Na gaya masa abin da likita ya ce, na gaya masa abin da na gani a ɗakinta. Na ce alkawari kaya ne, kuma wannan na shekara goma sha shida ne ina ɗauke da shi ba tare da na ji nauyinsa ba. Shekara nawa ina Dubai, ina Guangzhou, ina Kwatano, ita tana gida da yara da baƙi da marasa lafiya? Na ga duniya a kan bayanta. Ya yi shiru can ya ce, "To ka tambayi malam." Na tambaya. Liman ɗinmu ya ce tafiya don ganin halittar Allah babu laifi a cikinta matuƙar kuɗin halal ne, ba a tauye haƙƙin kowa ba, kuma an kiyaye salla. Ya ƙara da cewa faranta wa iyali ma lada ne. Yaya bai ce ya yarda ba, amma bayan kwana uku ya aiko mini da wata tsohuwar rigar sanyinsa da ya taɓa zuwa Jamus da ita.

Wajen biza na yi wauta, bari in faɗa don wani ya tsira. Wani yaro da ke kiran kansa wakilin tafiye-tafiye ya ce yana da hanya, in ba shi kuɗi da fasfo kawai. Na ba shi rabin kuɗi. Wata guda yana ce mini gobe, jibi. Da ƙyar na karɓo fasfunanmu, kuɗin kuwa sun bi ruwa. Ni da nake gargaɗin yara kan irin waɗannan mutane. Daga baya autar ta buɗe shafin ofishin jakadancin Japan da ke Accra muka bi abin da aka jera: fom, hoto, takardar banki, takardun rajistar kasuwancina, takardar aure, shaidar tikiti da masauki, da jadawalin inda za mu kwana kowace rana. Abin lura, bizar shiga sau ɗaya wata uku take yi daga ranar da aka bayar, don haka wanda ya yi gaggawar nema tun Oktoba za ta mutu kafin fure ya fito. Kuma a ƙasar da kake zaune da takardu ake nema. Mu a farkon Janairu muka shigar, makon jiya ta fito, alhamdu lillahi.

Ga yadda na tsara. Za mu tashi daga Accra ranar 27 ga Maris ta Dubai, mu sauka Tokyo ranar 28. Babu jirgin da ke zuwa kai tsaye daga yankinmu, sai ka bi ta Dubai, Doha, Istanbul ko Addis Ababa, kuma da jira da komai tafiyar takan kai kwana guda. Agogonsu yana gaban na Ghana da awa tara, na Najeriya da Nijar da Kamaru da awa takwas, don haka ranar farko hutu ce kawai. Kwana biyar a Tokyo, sannan mu gangara Kyoto da Osaka, mu taso daga filin jirgin Kansai ranar 6 ga Afrilu. Na zaɓi shiga ta gari ɗaya da fita ta wani don kada mu biya kuɗin komawa baya.

A nan ɗan kasuwa ya yi amfani. Kowa a intanet cewa yake sayi katin jirgin ƙasa na baƙi, wanda ake hawa da shi ko'ina. Na ɗauko biro. Tun Oktoba 2023 katin kwana bakwai ya tashi daga ƙasa da yen dubu talatin zuwa dubu hamsin. Jirgin nan mai gudun tsiya, Shinkansen, daga Tokyo zuwa Kyoto wajen yen dubu goma sha huɗu ne, tafiyar awa biyu da 'yan mintuna. Mu sau ɗaya za mu hau. Katin asara ne a gare mu. Masauki kuwa tun Nuwamba na kama, irin wanda za ka iya fasawa ba a ci kuɗinka ba, don lokacin ne kasuwarsu ta fi ci. A 2024 baƙi kusan miliyan talatin da bakwai suka shiga ƙasar, ga su kansu 'yan ƙasa da ke fita hanami, wato zaman kallon fure a gindin itace da tabarma da abinci. Sabuwar shekarar makaranta da ta aiki ma a Afrilu take farawa a wurinsu, kowa yana kan hanya.

Na kuma yi wa kaina tanadin idan lissafi ya ƙi. Furen daga kudu yake farawa yana haurawa arewa, kamar yadda damina ke taso mana daga bakin teku ta hau zuwa Tamale da Yamai. Idan ya yi sauri muka tarar ya zube a Tokyo, sai mu hau jirgin ƙasa mu bi shi arewa, wajen Sendai, inda yakan makara da kusan mako biyu. Akwai kuma lambun Shinjuku Gyoen a tsakiyar Tokyo, mai nau'o'in sakura da dama, wasu na riga wasu buɗewa. Wannan lambu ya kwanta mini a rai don an hana shiga da giya, ga wurin zama, Hajiya ba za ta sha turereniya ba. Kusa da Osaka kuma akwai dutsen Yoshino mai itatuwa wajen dubu talatin, na gindin dutse su fara, na sama su biyo baya. Idan kuma furen ya makara, kwanakinmu na Kyoto za su iya cim masa. Dole ɗaya daga ciki ta kama, in Allah ya yarda. Shi kuma kogin da ke cikin kalanda, autar ta ce ya yi kama da kogin Meguro na Tokyo. Na sa shi a rana ta biyu, da sassafe kafin jama'a su cika.

Maganar salla da abinci ita ce Hajiya ta fi tambaya. Akwai babban masallaci a Tokyo, Tokyo Camii, wanda aka fara ginawa a 1938, aka sake gina shi a 2000 da salon Turkiyya. Juma'ar 3 ga Afrilu kuma ina fatan mu yi ta a masallacin Kobe, kusa da Osaka, wanda aka gina a 1935, ya tsallake ruwan bama-baman yaƙin duniya na biyu da girgizar ƙasar 1995 yana nan tsaye. Manyan filayen jiragen sama suna da ɗakin salla. Abin da ya ba ta dariya shi ne alƙibla. Mu da muka tashi muna cewa "gabas" idan muna nufin alƙibla, a can yamma za mu fuskanta, da ɗan karkata arewa.

Abinci sai an yi hattara. Romon taliyarsu sau da yawa da ƙashin alade ake yin sa, kuma suna zuba wani ruwan girki mai giya, mirin, a miya da dama. Akwai gidajen abinci na halal na 'yan Pakistan da Indiya da Turkiyya, autar ta jera mana su a waya. Ni na yi niyyar cika jaka da kilishi da dambun nama yadda na saba idan zan je Guangzhou. Allah ya sa na bincika. Japan ta hana shiga da nama ko wani abin da aka yi da nama, busasshe ko ɗanye, kuma tarar tana iya kaiwa yen miliyan uku ko ɗaurin shekara uku. Har karnuka suke da su masu shinshina jaka. Ɗanyun 'ya'yan itace ma sai da takarda, don haka goro zai zauna a gida. Kwana goma babu goro, wannan ce sadaukarwata. Magungunanta kuwa an yarda mutum ya shiga da na wata guda, za mu riƙe su a jakar hannu cikin kwalayensu tare da wasiƙar likita.

Sai sanyi. Ana fassara lokacin da "bazara", amma kada sunan ya ruɗe ka, ba bazararmu ba ce ta zufa da kwana a waje. A ƙarshen Maris Tokyo da rana takan kai digiri goma sha huɗu ko sha biyar, da asuba ta sauko wajen biyar. Ga mutumin Kumasi wannan ya fi kowane hunturu da ya sani. Ranar Asabar Hajiya ta ja ni Kejetia wurin 'yan gwanjo, ta zaɓi rigunan sanyi biyu da safa da takalmin tafiya mai laushi saboda ƙafarta.

A hanyar dawowa ne take ba ni labarin da ban taɓa ji ba a shekara talatin da aurenmu. Ta ce a ƙauyensu, can arewa, akwai wata gurjiya a bayan gidan kakarta. Da hunturu sai ta zubar da ganye ƙaf, ta fitar da jan fure a kan sanduna tsirara, yara su riƙa tsinta ana miya da shi. Ta ce ranar da ta ga kalandar, wannan itacen ta tuna, da kakarta. An sare shi tun kafin a yi mana aure. Ni duk shekarun nan na ɗauka Japan take sha'awa.

Sharaɗi ɗaya ta kafa mini. Dillalina na Sharja ya ji labarin tafiyar, ya ba ni lambar wani mai yadin kwance motoci a wajen Osaka, ya ce in na je da kaina zan samu farashin da ban taɓa gani ba. Ban ɓoye mata ba. Ta ce, "Alhaji, na san ka. In ka ga inji, ni da furen duk ka manta da mu." Na ce rana ɗaya tak. Ta ce ko rabin rana. Bizar ma ta yawon buɗe ido ce, ba ta kasuwanci ba. Lambar tana nan a wayata, na yi mata alkawarin ba zan kira ba sai mun dawo Kumasi, kuma wannan karon na san nauyin abin da na faɗa.

Jiya da daddare na ga ta sauke hoton daga bango, ta cire takardar daga gilashi ta naɗe ta cikin ɗankwali ta sa a akwati. Na ce me za ki yi da shi, ga na gasken za ki gani? Ta ce so take ta riƙe shi a bakin kogin ta gwada, ta ga ko masu kalanda sun ƙara gishiri. Saura wata biyu. Masu karatu, ku sa mu a addu'a in an shiga azumi, Allah ya tsare mata ganinta, ya kuma riƙe iska da ruwan Tokyo har mu iso.